Ƙarfen da Inna Marka Ta Goge

Sallama gare ku, 'yan gidan Zubaida. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in kama kaina, wai mace mai aji ba ta kishi da abokiyar aikin saurayinta. 'Yar'uwa, na gode. Ki karanta na yau tukuna, sai ki sake ba ni shawara.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Zubaidatu, a Gwarzo nake, turaren wuta da humra nake haɗawa ina sayarwa ta waya. Wanda nake so Sharfaddeen ne, mutumin Kabo, yana digiri na uku a kan ƙarfe. Ƙanwata Zulaihat ta samu miji tun bara, kayan ɗakinta suna jibge har kwalayen sun fara laushi, amma Baba ya ce ba zai aurar da ƙarama ya bar babba ba. Rana ɗaya zai ɗaura mana, bayan Babbar Sallah. In Sharfaddeen bai turo magabatansa kafin Sallah ba, to ga Nata'ala ɗan amininsa na Getso, wanda aka daɗe ana ba shi haƙuri. Baba bai ce zai yi min dole ba. Cewa ya yi in fito da wanda ya shirya. Wato ko in amsa wa Nata'ala, ko in zama wadda ta tare wa ƙanwarta hanya.

Su kuma kawunnan Sharfaddeen sun kafe. Mahaifinsa ya bar wasiyya kada a je masa neman aure sai ya ajiye karatu. Karatun kuwa saura abu ɗaya: sandunan ƙarfe goma da za a gwada.

Ranar Laraba da la'asar ina tsakar gida ina juya itacen turare cikin sukari da mai, saƙonsa ya shigo.

*Ina zaure. Ki fito da hannu biyu, akwai ajiya.*

Na sauke tukunya, na wanke hannu sama-sama, na sa atamfata ruwan zuma mai zanen ganye, na yafa mayafi kalar madara. Na ɗan shafa humrar da ba na sayar wa kowa. Ina shiga zaure na gan shi zaune a gefen tabarma cikin yadi ruwan toka, ya rame, idonsa ya faɗa. A kan cinyarsa akwai wani ɗan akwatin roba baƙi, ya rungume shi kamar jaririn da aka ba shi riƙo.

Muka gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi Inna Marka, ya tambayi zafi da kasuwa. Ni kuwa hancina ya riga ya tafi wani wuri. Ku tuna sana'ata. Ko a cikin taron biki nakan gane wadda ta sa turaren hannuna da wadda ta sa na wata. An naɗe akwatin nan da wani tsohon ɗankwali shuɗi, kuma ƙamshin da ke tashi daga jikinsa ba nawa ba ne. Na kwalba ne, mai sanyi, mai ɗan ƙamshin lemo.

"Ajiyar ke nan?" na ce.

"Rayuwata ke nan, Zubaida. Gobe za mu wuce da su kudu, cibiyar da ke da injin gwajin. Layinmu ya zo. Yau zan kwana Kabo in yi wa Umma sallama, amma ana suna a gidan, yara ko'ina. Ke kina da durowa mai makulli."

"Za *mu* wuce."

"Ni da direban sashenmu."

"Da wa?"

Ya shafa ƙeya. "Da Fiddausi."

Fiddausi dai kun san ta, ita ce mai digiri na biyu da suke aiki ɗaki ɗaya. Ni ban taɓa ganinta ido da ido ba, amma na san sunanta fiye da yadda na san na wasu 'yan'uwana.

"Wai me ke cikin nan da sai an yi masa rakiya mutum biyu?"

Nan fa idonsa ya kawo haske, irin hasken da nake so in ga ya yi in ya kalle ni. Ya ce ƙarfe ne da aka haɗa da nikel, irin wanda ake yin fikafikan cikin injin jirgin sama da na tashar wutar lantarki. Zafin wurin da suke aiki, in aka sa tukunyar alminiyam ta Inna Marka, ruwa za ta zama. Shi kuwa wannan yana nan daram, yana juyawa, ana jan sa.

"To amma yana gajiya," ya ce.

"Ƙarfe?"

"Ƙwarai. Ɗauki wayar shanya ki lanƙwasa sau ɗaya, ba abin da zai same ta. Ki yi ta lanƙwasawa gaba da baya, ki ga in ba ta tsinke ba. Injin da za mu je zai sa sandar cikin zafi ya ja, ya saki, ya ja, ya saki, sau dubbai, har ta karye. Mu kuma mu ƙirga sau nawa ta jure. Wanda zai hau jirgi da iyalinsa, da wannan ƙidayar yake tafiya bai sani ba."

"Kuma sai an lulluɓe shi da ɗankwalin mace yake jurewa?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

"Don kada ya girgiza a mota ne. Tsagewar nan daga fata take farawa. Ƙarzanen da idonki ba zai gani ba ya isa, nan za ta kama, sandar ta karye da wuri, lissafin ya zama ƙarya. Shi ya sa muka yi makonni muna goge su da hannu har suka zama madubi. Guda goma ne kawai, daga waje wani abokin farfesa ya aiko. Babu na canji. Don Allah ko buɗewa kada a yi."

"Makonni. Ku biyu. Kuna gogewa."

"Da ɗalibai a ɗakin, Zubaida."

"Ai ban ce komai ba, Injiniya."

"Fuskarki ta gama faɗa."

Ya miƙo min akwatin, na karɓa da hannu biyu kamar yadda ya ce. Ina shiga gida Zulaihat ta ɗago daga kan wayarta.

"Yaya, lefen ne ya fara zuwa guda-guda?"

"Ki kiyaye ni."

"Ni dai a taimaka. Labulen ɗakina ma ya kusa fita daga yayi."

Na saka akwatin a durowa, na murza makulli, na koma kan tukunyata. Wallahi da niyyar alheri na koma. Na mai da ita kan garwashi, ina juyawa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya. Sai na ga ya ɗora sabon hoto a sitatus. Hannun mace ne cikin farar safa, tana naɗe wata sanda mai ƙyalli da auduga. A ƙasa ya rubuta: *Hannu mai albarka. Allah Ya saka.*

Ni da na haɗa masa turaren kaya sau nawa, da hannun nan nawa da garwashi ya sha ƙonawa, bai taɓa ɗora hannuna a ko'ina ba.

Ban san sanda na miƙe ba. Na shiga ɗaki na saki labule, na buɗe durowa, na warware ɗankwalin na jefar kan gado. Kada ku tambaye ni me nake nema, ni ma ban sani ba. Wata alama dai. Wani abu da zai ce min ba hauka nake yi ba.

Babu komai sai auduga. A cikinta sanduna ne jere, kowacce kamar tsawon tafin hannuna, baki biyun masu kauri da tsagin murɗawa irin na noti, tsakiyar siririya kamar ƙugun budurwa. Na zaro ɗaya. Na ga idona a jikinta, har kwallin da na sa. Na zaro ta biyu, na zaro ta uku, ina leƙa ƙarƙashinsu. Babu komai.

Sai da na zo mayarwa na ga abin da na yi. Danƙon sukari da man turare da ke hannuna ya bi jikinsu, shatin yatsuna rututu, ja-ja. Na goga da gefen mayafi, ya ƙara yaɗuwa. Na ɗora su a kan farantin tangaran ina tunanin ruwan ɗumi, sai na jiyo ƙauri.

"Yaya, turarenki yana kamawa," in ji Zulaihat daga waje, ko motsi ba ta yi ba.

Na wata amarya ne a Unguwar Tudu, an ba ni aikin tun wancan makon. Na fita da gudu na sauke, na juye a tire, na tsince wanda ya ƙone, na baza sauran ya sha iska. Hankalina ya tafi can na ɗan lokaci. Da na dawo ɗaki, babu faranti.

Inna Marka kakata ce, mahaifiyar Baba. Duk Gwarzo in ana maganar tukunya mai sheƙi, sunanta ake kira. A gidanmu akwai doka tun kafin a haife ni: kwanon maƙwabta ko na baƙo ba ya fita daga gidan nan sai an dirje shi da toka da yashi, ya koma ya fi yadda ya zo. Ita a wurinta mutunci ne.

Na same ta a gindin rijiya zaune kan kujera 'yar tsugune, ga kaskon toka, ga yashi, ga soson ƙarfe. Ta kama sanda ta ukun ta naɗe ta da soso tana murɗawa da ƙarfinta, kamar mai matse wanki. Biyu suna kife a kan faranti, an ɗauraye.

"Inna."

"Ke dai ƙazama ce. Na shiga ɗaukar carbina na ga kin bar kayan mutane cikin dauɗa. Zulaihat ta ce na maigidana ne." Haka take kiran Sharfaddeen don tsokana. "Kayansa su kwana a gidana da danƙo? Ya je Kabo a ce haka matan Gwarzo suke?"

"Inna, ba a goge su."

"Wane ƙarfe ne ba a gogewa? Duba nan. Tas."

Ta ɗaga min. Tas ɗin ne kuwa, babu ɗigon danƙo. Amma na nemi idona a jiki ban gani ba. Madubin ya tafi, ya koma irin hasken tsohon cokali, da siraran layuka sun zagaye ƙugun kamar an ɗaura masa zare.

Na karɓa na ce mata na gode. Me zan ce? Na shanya su a kan tawul, na naɗe da audugarsu, na tura su can ƙasa, na mai da ɗankwalin yadda na same shi. Bayan magariba saƙonsa ya zo.

*Ajiyata lafiya?*

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Daga ƙarshe na tura: *Lafiya lau.*

*Na san ba ni da matsala in abu yana hannunki.*

Tuwon ranar Zulaihat ce ta cinye nawa.

Washegari da hantsi farar motar sashensu ta tsaya a ƙofar gida. Na sa leshina mai ruwan hoda, wanda na ajiye don Sallah, na ɗaura ɗauri mai hawa biyu, na zuba awarwaro. Na ce ko me zai faru, ba za ta same ni a yamutse ba. Sharfaddeen ya tsaya a zaure wurin Baba, ita kuma ta yi sallama ta shigo.

Jama'a, na shirya wa doguwa fara mai gwal har wuya. Wadda ta shigo gajeriya ce, baƙa, cikin doguwar riga ruwan ƙasa da hijabi, ga tabarau, ga takalmin kambas da ƙura a jiki. Ko hoda babu a fuskarta. Kuma abin ya fi min ciwo. Da kyakkyawa ce da na san da me nake faɗa.

Ta durƙusa har ƙasa ta gai da Inna Marka, ta tambayi ƙafa, ta tambayi zafi, ta tambayi dabbobi. Inna ta washe baki tana sa mata albarka. Sannan ta juyo gare ni.

"Amaryarmu. Yau dai na gan ki."

"Sannu da hanya," na ce, ina kallon gefen kunnenta.

"Bari in duba su kafin mu ɗauki hanya. Ɗabi'ata ce, ko ni na rufe sai na sake buɗewa."

Na kai ta ɗakina. Ƙamshin lemon nan ya cika min ɗaki. Ta zauna bakin gadona, ta zaro farar safa daga jaka ta sa, ta fito da ɗan gilashin ƙara girma da ƙaramar tocila. Tana ɗauko sanda, ta haska, ta juya, ta mayar. Ni ina tsaye jikin durowa ina wasa da awarwaro. Ta gama da bakwai. Ta kai hannu ƙasa.

Ba ta ma sa gilashin ba. Ta daɗe tana kallon ta farkon. Ta warware sauran biyun ta jera a kan audugar. Ta sa farcen safa cikin tsagin bakin ɗaya, ta ɗago, ga toka.

"Waye ya dirje su?" Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Kakata."

"A ina ta gan su?"

Na ci gaba da juya awarwarona.

"Kin buɗe."

"Ɗakina ne."

"Ɗakinki ne," ta ce, ta gyaɗa kai. "Me ya taɓa su kafin tokar?"

"Danƙon turare."

Ta cire tabarau ta dafe idonta da bayan hannu. "Da kin bar su haka nan. Ruwan goge jan farce kawai zan zuba, ya fita. Ko minti ɗaya ba zai ɗauka ba."

Ban taɓa jin magana ta dake ni irin wannan ba. Kwalbar ruwan tana nan a kan madubina, tana kallonmu.

"Ba za su yi ba?" na ce.

"Kin ga layukan nan da suka zagaye? Su ne mafi muni. Injin yana ja ta tsaye, su kuma suna kwance a kan hanya, kowanne ƙofa ce. Za su karye da wuri. Farfesa ba zai sa hannu a kan bakwai ba, goma aka yi alkawari." Ta mai da tabarau. "Kuma na san maganar Sallah."

"Ya gaya miki."

"Yana gaya min komai. Na san ba kya cin kuɓewa. Na san sunan humrar da kika hana kowa." Ta kalli ƙofa, ta ƙara rage murya. "Saurara. Ina da nawa guda huɗu a mota, na aikina. Ƙarfe ɗaya ne, tare aka aiko, tare muka goge. Zan ba shi uku. Waɗannan zan ce kuskurena ne wajen gogewa, sai yanzu na lura. Ba zai tsananta ba."

"Ke kuma naki aikin?"

"Sai baɗi, in an sake samun ƙarfe."

"Shekara guda."

"Ko fiye."

Na dube ta sosai.

"Me ya sa?"

"Ya wahala a kan aikin nan."

"Ba shi na tambaya ba. Kina sonsa."

Ta ɗauki ɗankwalinta shuɗi ta fara ninkewa, gefe da gefe, a hankali.

"Shi bai taɓa tambayata ba. Ke ce ta farko."

"Ban ji amsa ba."

"Kin ji."

To, masu cewa in kama kaina, kun ji. Ba hauka nake ba. Amma ku san wani abu, gaskiyar da na samu ba ta yi min daɗi ko kaɗan ba. Ga mafita an ajiye min a kan gado. In yi shiru, a yi gwaji, kawunnai su zo, a ɗaura, Zulaihat ta rataya labulenta. Sai dai na hango abin da zai biyo baya kamar a talabijin. Zai ji ta rasa shekara saboda shi. Zai yi ta tausayinta. Baɗi ina gidansa da tukunya a kan wuta, shi yana can yana taya ta goge sabon ƙarfe, don ya rama alheri. Ni kuma kullum na buɗe ido a ɗakin aurena na san wadda ta ba ni shi.

Ba tsoron Allah ne ya fara motsa ni ba, kada in yi muku ƙarya. Kishi ne. Na ce gara in rasa shi da hannuna da in karɓe shi daga nata.

Na kwashi sandunan uku da audugarsu na fita.

"Zubaida, tsaya," ta ce. Ban tsaya ba.

A gidanmu 'ya ba ta leƙa zaure in mai nemanta yana gaban mahaifinta. Ni kuma 'yar fari ce, Baba ko sunana ba ya kamawa. Yana zaune kan buzunsa da rediyo a gefe, Sharfaddeen yana can ƙarshen tabarma ya sunkuyar da kai. Na yi sallama na durƙusa daga bakin ƙofa. Baba ya kashe rediyo.

"Ke, lafiya?"

Na tura audugar tsakiyar tabarma. "Ajiyar da aka ba ni ce, Baba. An ce kada in buɗe, na buɗe. Na ɓata uku da danƙo, Inna ta gani ta dirje su da toka. Ba ta sani ba. Ni na sani."

Sharfaddeen ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa. Ya ajiye ta a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

Sai ga Inna Marka da sandarta, Zulaihat ta kai mata rahoto.

"Wai me ake cewa na ɓata? Kai maigida, ba kai aka ce ƙarfenka yana shiga wutar jirgin sama ba? Wane irin ƙarfe ne wuta ba ta gagare shi ba sai tokar Marka?"

"Inna, ba laifinki ba ne," ya ce, muryarsa a dishe. "Wutar yana iya mata. Yashin ne ya yage masa fata."

"To ai ragon ƙarfe ne."

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya dubi Sharfaddeen.

"Malam, yana gyaruwa?"

"In ƙarzanen bai yi zurfi ba, ana sake gogewa a sake aunawa, Baba. Sai dai aikin hannu ne, mai cin lokaci. Mu kuma in injin ya tashi ba a barinsa, ɗayanmu ya kwanta ɗaya ya yi gadi. Za mu fara da bakwai ɗin. In ukun nan ba su same mu kafin layinmu ya wuce ba, sai bayan damina."

Daga bayana na ji muryar Fiddausi. "Akwai nawa a mota. Ka ɗauki uku."

Ya ɗago ya dube ta ta saman kaina. "A'a, Fiddausi. Ba zan ci shekararki ba."

Da kun ji yadda ya faɗa. Da taushi, kamar mai lallashin yaro. Abin da na fito don in hana, ga shi na ji da kunnena, a zauren ubana.

Baba ya ja carbinsa.

"Shekarun baya shanuna sun shiga gonar wasu mutane a Masanawa," ya ce. "Ban aika kowa ba. Ni na je na sake musu shuka da hannuna, mutane suna wucewa suna kallo. Wadda ta buɗe ita za ta goge." Ya juya ga Sharfaddeen. "Ranar da na sa kuma tana nan inda take. Ban ɗaga ba."

"Sai an koya mata, Baba," in ji Sharfaddeen.

"Zan tsaya," in ji Fiddausi. "Kwana biyu ya isa ta kama hannu. Sai in biyo motar haya."

"Ɗakin yayata da faɗi," in ji Zulaihat daga tsakar gida, ba wanda ya tambaye ta.

Sharfaddeen ya yi wa Baba sallama. Ya yi wa Inna Marka sallama har da durƙusawa. Zulaihat ma ya ce mata sai ya dawo. Na bi shi da akwatin zuwa bakin ƙofa, ya karɓa bai bari yatsunmu sun haɗu ba.

"Me kika je nema a ciki?" ya ce, yana kallon mota.

Ina da amsoshi masu kyau da yawa. Haƙuri zan ba shi, shi na fito yi. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Hannun waye mai albarka?"

Sai a lokacin ya dube ni. "Har yanzu, Zubaida?"

Ya shiga mota, direba ya ja.

Yanzu da nake rubuta muku wannan, an yi la'asar. Na cire leshin, ina cikin tsohuwar rigar aiki. Fiddausi ta share kwalaben humra daga kan teburina ta jera samfefa iri-iri, daga mai kaushi zuwa wadda ta fi tafin hannun jariri laushi. Ta ba ni safarta. Ta kama hannuna da nata ta nuna min: daga sama zuwa ƙasa, tsaye-tsaye, kada a murɗa, a juya sandar kaɗan, a sake. Tun azahar nake kan ta farko, kafaɗata kamar za ta cire, kuma da na duba da gilashin layukan Inna suna nan suna kallona.

Wayata tana gefe, fuskarta sama. Na tura masa *Ka yi haƙuri* tun suna hanya. Ya buɗe. Bai amsa ba.

Ɗazu waya ta yi ƙara, na saki samfefa na kai hannu. Ba tawa ba ce. Tata ce, a kan matashina, sunansa yana haske a jiki. Ta dube ni, na dube ta.

"Ci gaba," ta ce. "Tsaye-tsaye."

Ta ɗauka, ta ɗaga labule ta fita tsakar gida. Na kasa kunne.

"Tana nan," na ji ta ce. "A'a, ba ta ci komai ba tun safe."

Ta saurara. Sai ta yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, ta taka zuwa wajen rijiya, inda muryar mutum ba ta isowa ɗakina.